Babi na Huɗu: Ciwon Ne Ke Zaɓen Asibiti

A Zagga, kamar sauran garuruwan ƙasar Bagudo, wanda ya kwanta ciwo ba ya rasa inda za a kai shi. Ga mai kemis a bakin kasuwa, ga asibitin sha-ka-tafi na gwamnati, ga wanzami da mai ɗori da ungozoma, ga malamin da ke tofi. In abin ya fi ƙarfin waɗannan, akwai babban asibiti a Bagudo ko Koko, gaba kuma Birnin Kebbi da Sakkwato. Mutanen ƙetaren Kogin Kwara, wajen Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, har da ƙarin wata hanyar gare su, domin suna iya tsallaka iyaka su faɗa Segbana ko Malanbil a Jamhuriyar Benin. Wuraren zuwa dai ga su nan birjik. Abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne yadda muke jera su.

Abin da aka saba shi ne a fara da mafi kusa kuma mafi araha, in bai yi ba a matsa gaba. Kwana biyu ana kemis, kwana uku ana jiƙo, a kira wani ya zo ya ɗaura ruwa a gida, sai ran da marar lafiya ya daina magana a tashi neman mota. Kuma ba wauta ke sa mutane haka ba. Manomin da kuɗinsa ke kwance a fadama, shinkafa ba ta isa yanka ba, ya san mai kemis zai ba shi bashi. Asibiti kuwa sai ya yanki kati, ya sayi magani, ya ciyar da mai jinya, ya biya mota zuwa da dawowa. Lissafin nan nasa daidai ne in mura ce ko ciwon kai. Amma akwai cututtukan da ba sa jira a bi wannan layi, kuma kuɗin da aka ɓatar a matakan farko su ne ake nema a rasa idan an isa inda ya kamata a fara zuwa tun ranar farko.

Tambaya biyu ya kamata mai gida ko uwar gida su yi kafin a ɗauki marar lafiya. Me wannan ciwon yake buƙata: gwaji ne, ko ƙarin jini, ko wuƙar likita, ko maganin da za a yi wata da watanni ana sha? Sannan sa'a nawa ya ba mu? Wanda ya amsa waɗannan ya riga ya san inda zai nufa, saura neman guzuri.

Tsarin gwamnati hawa uku ne, kuma an gina shi a kan wannan tunani. Tun taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa yawancin cututtukan talaka a kusa da gidansa ya kamata a magance su. A Nijeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya kai da fata a kan haka. Manufar yau ita ce kowace mazaɓa, daga cikin 225 da ke Jihar Kebbi, ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai: awo, rigakafi, haihuwar da ba ta zo da gardama ba, gwajin zazzaɓi, wankin rauni. Sama da shi babban asibiti, inda ake sa ran samun likita da ɗakin tiyata da jini. Can ƙoli kuma asibitocin ƙwararru. A takarda ke nan. A ƙasa kowa ya san akwai asibitin da ginin kawai ya rage, akwai wanda ake rufewa da la'asar, akwai kuma wanda ma'aikaciya guda ke riƙe da shi dare da rana da fitilar waya. Shi ya sa allon da ke bakin ƙofa bai isa shaida ba. Sai mutum ya san abin da ke ciki.

Mu fara da zazzaɓi, tunda shi ne baƙon kowane gida. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 da aka gwada. Babu jihar da ta kai haka a faɗin Nijeriya. Wanda ya san fadamun da ke tsakanin Gulbin Kebbi da Kwara ba zai yi mamaki ba, domin ruwan da ke ba mu shinkafa da kifi shi ke kiwon sauro. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin da Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, ana yi wa yaro a wata 5 da 6 da 7, sannan a ƙara masa a wata 15. Amma a sake duba wannan adadi ta ɗaya gefen. Ko a nan inda cutar ta fi ƙamari, ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Yaro na iya zafi saboda ciwon huhu, ko kunne, ko ƙyanda, ko sanƙarau, kuma maganin zazzaɓin sauro ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Saboda haka abin da zazzaɓi ke buƙata da farko gwaji ne. Ɗigon jini daga yatsa, minti 15 zuwa 20, an san amsa. Wannan aikin ƙaramin asibiti ne, kuma a ranar da zazzaɓin ya fara ko washegari ya kamata a je. In an ga cutar, ƙwaya ce ta kwana uku, sau shida, a shanye ta duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Ba sai an je Birnin Kebbi ba, ba kuma sai an yi allura ba. Na san wannan magana ba ta yi wa mutanenmu daɗi. Sau nawa ake jin uba na cewa, "Malam, ka dai yi mishi allura, ƙwayar nan ba ta kama shi," ko tsohuwa ta ce in ba a ɗaura ruwa ba ai ba a yi magani ba? Wanda ke iya ci da sha ba ya buƙatar ruwa ta jijiya. Wancan ruwan mai launin ɗorawa da ake ratayawa a ƙusa a bayan shago, yawanci ruwan gishiri ne da ɗan sinadarin ƙara kuzari, ana biyan kuɗinsa ne don ido ya ga an yi wani abu.

Ba na cikin masu zagin mai kemis. A ƙauyuka da yawa shi kaɗai ke buɗe da tsakar dare, kuma wasunsu sun san iyakarsu, suna cewa "wannan ba nawa ba ne, ku wuce asibiti." Irin wannan a riƙe shi da kyau. Lasisin da hukumar harhaɗa magunguna ke ba shi na sayar da magungunan yau da kullum ne a cikin kwalinsu: na ciwon kai, na tsutsar ciki, gishirin gudawa da ƙwayar zinki, maganin zazzaɓin sauro. Bai ba shi izinin allura ko ƙarin ruwa ko kwantar da marar lafiya ba. Wanda kuwa ke zuba ƙwayoyi kala biyar a leda ba suna, ya ce a sha safe da yamma, shi ne abin gudu, domin ran da aka isa asibiti likita zai tambayi abin da aka sha, ba mai iya faɗa. Haka nan a yi hattara da hukuncin nan da ya zama ruwan dare, "maleriya da taifot." Gwajin Widal da ake dogara da shi yakan nuna alama ko a jinin mai lafiya a ƙasashe irin namu, kuma da shi ake ɗora wa mutane allurai na mako guda a banza.

Akwai alamomin da in an gan su, maganar kemis da jiƙo ta ƙare, har ƙaramin asibitin ma wurin tsayawa ne na ɗan lokaci: yaro ya yi jijjiga, ko ya ƙi nono da ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko numfashi na fita da ƙyar haƙarƙari na shiga ciki, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat. Wannan yaron yana buƙatar allurar atesunet, watakila da jini da iskar numfashi. In ƙaramin asibiti na kan hanya, a tsaya a yi masa allurar farko ko a sa masa maganin ta dubura, a karɓi takarda a wuce. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin bazara kuwa, ko babba ne ko yaro, a ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Wanda ya yi wayo a 1996 ya san abin da cutar ta yi wa Arewa, mutum sama da dubu 11 suka tafi a shekara guda. Ko a watan Maris na 2025 ta sake ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero.

Haihuwa ce ta fi kowane abu gwada wannan lissafi na sa'o'i. Yawancin haihuwa lafiya take zuwa, shi ya sa kaka ke iya cewa ta haifi goma a ɗaka ba wanda ya taɓa ganin ta, kuma gaskiya ta faɗa. Sai dai ba wanda ke iya nuna wadda tata za ta juye tun kafin ta juye. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin sa'a biyu. A auna wannan da hanyar wani ƙauye a bakin gulbi a watan Agusta: a nemo mai gida a gona, a nemo mai babur, a jira jirgin kwalekwale, a sami mota a bakin titi. A ambaliyar 2020 ƙauyuka da dama na ƙasar Bagudo sun yi kwanaki ruwa ya raba su da hanya, kuma naƙuda ba ta ɗaga wa kowa ƙafa ba saboda haka. Masana biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku alhakinsu na wuyan hukuma, kuma za mu zo kansu a babi na gaba. Na farkon a cikin gidajenmu yake.

Shi ya sa nake ganin mafi girman abin da miji zai yi wa matarsa mai ciki bai kai sayen ragon suna tsada ba. Ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa cewa in naƙuda ta tashi ba ya nan, ya ba da izini a tafi da ita, ba sai an jira shi ba. Ya aje kuɗin mota a hannun wanda ke kwana a gidan. Ya yi magana da direba tun wata na bakwai, ya kuma san mutum biyu cikin dangi da za su iya ba da jini. Tun ran gini ake zane. Awo a ƙaramin asibiti ake yi, kuma amfaninsa ke nan: a auna hawan jini, a ga kwanciyar ɗa, a faɗa wa mace ko tata haihuwar ta nan ce ko ta babban asibiti. Yarinya mai cikin fari da ba ta gama girma ba, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda ɗanta ya kwanta a gicciye, mai kumburin fuska da ciwon kai da gani dishi-dishi, wadda ta haihu biyar ko fiye, duk waɗannan inda ake da wuƙa da jini ya kamata su haihu. In ƙauyensu na da wuyar fita, su koma gidan dangi kusa da asibiti tun watan bai kama ba.

Naƙudar da ta wuce sa'a 12, rana ta fito ta faɗi a kanta, ta fita daga hannun ungozoma. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashin ƙugu, rubutu kuma ana iya shan sa a cikin mota. Abin da ke biyo bayan kwana biyu ana durƙushe sananne ne: ɗa ya mutu, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Ga wadda wannan ya riga ya same ta, ana gyarawa. Akwai cibiyar Gesse a Birnin Kebbi, akwai asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, akwai Babbar Ruga a Katsina inda Dokta Kees Waaldijk ya yi shekaru yana wannan aiki. Kada a bar ta a bayan ɗaki shekara goma.

Saran maciji a lokacin noma da girbi shi ma na masu ƙidayar sa'o'i ne. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum na zaune yana hira alhali yana zubar da jini ta ciki, sai a ga dasashi ya fara jini. Tsaga wurin, da tsotsa, da ɗaure ƙafa tamau, da baƙin dutse, ba ɗayansu da ke fitar da dafi. A cire zobe da awarwaro, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi kada ya taka. Maganin guda ne, allurar kashe dafi, kuma ba kowane babban asibiti ke aje ta ba. A nan waya ta fi mota sauri: a buga a tambaya kafin a zaɓi hanya. Cizon kare kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a nemi allurar haukan kare a ranar, domin in alamun cutar suka bayyana ba ta da magani a ko'ina a duniya.

Mai ɗori fa? Gidajen ɗori na gado sun daɗe suna aiki, kuma ba za a ce ba su taɓa gyara kowa ba. Karaya mai sauƙi da ƙashi bai goce ba takan haɗe ko a hannun wa. Amma in ƙashi ya huda fata, ko karayar ta cinya ce ko ƙugu ko gadon baya, ko gwiwar hannun yaro, a fara da hoto a asibiti. In kuwa an riga an ɗora, a riƙa duba yatsu. Suka yi sanyi, ko suka kumbura suka yi baƙi, ko ya ce ba ya jin su, a kwance karan nan take a tafi. Likitocin ƙashi, har na Dala a Kano, sun sha yanke hannun yaran da faɗuwa daga bishiya kawai suka yi, ɗaurin ne ya kashe hannun.

Kuskuren yana da wata fuskar da ba a cika magana a kanta ba, wato tsallake na kusa a tafi nesa ba dalili. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya sayar da buhu biyu ya tafi asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka rubuta masa magani na wata guda, ya sha ya ƙare bai sake komawa ba, bai yi wa kansa komai ba. Irin wannan ciwo abokin zama ne. Wurin da za ka iya zuwa duk wata ba tare da ka ci bashi ba shi ne asibitinka, ƙwararre kuma a gan shi in an tura. Tarin da ya wuce mako biyu a kai majina gwaji. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, kuma mafi kusa shi ya fi, don kada a yanke a tsakiya. Fitsarin jini na yaran da ke wanka a gulbi, wato tsargiya, ƙwaya ce ake sha a wuce wurin. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura saboda tamowa a auna damtsensa a ƙaramin asibiti, in ya daina cin abinci sai kwanciya, kuma tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke wannan aiki a Maiyama. Waɗanda suka cancanci doguwar tafiya daban suke: yanar ido, da kada a bari mai yawo da tsinke ya taɓa, ƙullutu a nono, ƙabar da ta fito ta ƙi komawa tana ciwo, wadda ita a daren za a tafi, taɓin hankali da farfaɗiya, da ake dubawa a asibitin Kware maimakon a sa mutum a mari, da gyambon da ke fara cin dasashin yaro ya huda kunci, cutar noma, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta tun 1999.

Sai batun ƙetare. Iyakar nan Turawa suka ja ta, dangi ɗaya ne a gefe biyu, kuma ga mutumin Tsamiya ko Lolo asibitin Benin na iya fin na Birnin Kebbi kusa nesa ba kusa ba. Su ma hawa-hawa suke da shi: ƙananan cibiyoyi a garuruwa irin Segbana, asibitin yanki a Kandi da Malanbil, babban na koyarwa a Paraku. Tun 2009 gwamnatinsu ta ɗauke wa mata kuɗin haihuwa ta tiyata, mu kuwa sai a Nuwamba 2024 Minista Muhammad Ali Pate ya yi shelar irin wannan ga mata marasa ƙarfi. Hukuncina a nan mai sauƙi ne. In rai ne a hannun Allah, jini na zuba ko naƙuda ta tsaya, a nufi wurin da ya fi kusa mai wuƙa da jini, ko tutar wace ƙasa ce a ƙofarsa. In kuwa ciwo ne na dogon zango, kamar tarin fuka ko ƙanjamau ko rigakafin yara, a tsaya a rajista guda a gefe guda. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, kuma wanda maganinsa ke wancan gefen ya ji a jikinsa. Ga faɗuwar naira tun 2023 da ta sa sefa ta yi nauyi. Takardunsu kuma da Faransanci suke, don haka wanda ya je ya dawo da kwalin maganin da takardar sallama, ya nuna wa ma'aikacin lafiya na gida. Maganin tallan kasuwa da ya sha rana a kan tire, daga wane gefe ya fito duk ɗaya ne.

Abu biyu na doka ya kamata kowane mai jinya ya riƙe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa ko da wane dalili, kuma ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Ita ce kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wanda ta cikinsa hukumar KECHEMA ta jiha ke yi wa marasa ƙarfi rajista. Ba kullum ake bin dokar ba, amma wanda ya san da ita ba ya tsayawa a bakin ƙofa kamar mai roƙo. Takardar turawa ma kada a raina ta. 'Yar guntuwar takardar da ma'aikaci ya rubuta abin da ya gani da abin da ya bayar tana rage wa likitan gaba tambaya, tana hana a maimaita allurar da aka riga aka yi.

Mai karatu, tun kowa na lafiya a gidanka, ka taka zuwa asibitin mazaɓarku ka tambayi mai kula da shi: akwai mai kwana a nan da dare? In haihuwa ta gagara, ina kuke turawa, kuma a can akwai jini da mai yin aiki ranar Asabar da Lahadi? Ina ne mafi kusa da ke aje allurar maciji? Ka karɓi lambar wayarsa da ta direba guda biyu, ka rubuta a inda matarka da babban ɗanka za su gani.